Minshari da ɗaukewar numfashi a barci: me kuka gwada?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maigidana yana minshari mai ƙarfi, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda numfashinsa yakan tsaya cak, sannan ya ja shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da wannan su faɗa mini abin da ya yi musu amfani.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zaɓi magani, ya kamata a yi masa gwajin barci, inda ake ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 14 matsalar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani. Nawa ya kai 38, shi ya sa aka ɗora ni a kan na'urar CPAP, wadda wani likita mai suna Colin Sullivan ya gabatar a Ostareliya a 1981. Iska take turawa ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe. Makonnin farko sun yi mini wuya, domin hancina yana bushewa kuma nakan cire takunkumin cikin barci, har sai da aka sauya mini ƙarami aka haɗa da ma'ajin ruwa mai jiƙa iskar. Yanzu na daina gyangyaɗi da rana.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ba kowa ke buƙatar na'ura ba. Nawa mai sauƙi ne, don haka likitan haƙori ya auna mini abin sawa a baki mai jawo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Nakan tashi da ciwon muƙamuƙi da safe, amma yana wucewa. Na kuma daina kwanciya rigingine.

Amsa ta uku:
'Yar'uwa, idan yana da ƙiba, kada ku raina rage ta. Ni da na rage, aka sake gwajin, adadin ya sauka sosai, ko da yake bai ɓace ba, kuma har yanzu ina amfani da na'urar. Kuskuren da na yi a baya shi ne shan maganin barci, alhali yana ƙara sassauta tsokar maƙogwaro.