Neman kalma: me za mu kira "booster" da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma, kuma ba don ƙawata magana ba. Abin ya fara cin raina tun 2022, ranar da na raka Baba awon suga da hawan jini a asibitin garinmu, nan ƙasar Ringim. Da aka gama, ma'aikaciyar ta zaro koren katin allurar korona daga ledar magungunansa, ta duba kwanan wata, ta ce, "Baba, ai ya kamata a ce ka yi busta." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Busta kuma? Ba ita ake zuba wa kajin gidan gona a ruwa su yi ƙiba ba?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na buɗe baki zan yi bayani, na laluba na rasa kalma. Ranar haka muka dawo gida ba a yi ba.

Ga abin da kalmar za ta ɗauka. Rigakafin farko yana koya wa jiki gane cutar. Wasu rigakafin, kariyarsu tana raguwa in an daɗe, sai a sake yin allura guda don a farfaɗo da ita. Ta korona ta iso Najeriya a Maris ɗin 2021, aka fara busta a Disambar shekarar. Amma abin ya girmi korona: ta sarƙe-haƙora akan sabunta ta bayan kamar shekara 10, kuma da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023 har ya taɓo mu, maganar ta sake tasowa. Mai suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, tsoho da mai ciki, su Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba wajen bustar korona, domin in cutar ta kama su ta fi yi musu mugun kamu.

Farkon abin da aka kawo mini shi ne "allurar ƙari". Gajera ce, ba laifi. Sai dai ku je ku gaya wa gwaggona za a yi mata allurar ƙari, ku ga yadda za ta dafe ciki. A wurinta ƙari shi ne abin da ke tsirowa a jiki a kai mutum Kano a yanke. Na ajiye ta.

"Allurar ƙarin ƙarfi" ta fi muni. Rabin majalisar ƙofar gida za su ɗauka maganin maza ne, kar ma mu tsaya nan. Abin da ya fi damuna shi ne sauran rabin. Mai ciwon suga da kullum jikinsa a mace yake, in ya ji "ƙarin ƙarfi" zai zo da ran za a yi masa irin ƙarin ruwa ko ƙarin jini, ya tashi garau. Sai a yi masa, washegari dantse ya yi tsami, ɗan zazzaɓi ya rufe shi, wataƙila sugan ma ya ɗan hau na kwana ɗaya ko biyu. Me zai ce? An yaudare shi. Wani ma sai ya ajiye ƙwayoyinsa, tunda ai an yi masa allura. Kalmar da za ta sa mai hawan jini ya bar shan magani ba kalma ba ce, tarko ce.

'Yan rediyo suna cewa "allurar ƙarfafa garkuwar jiki". Ma'anar daidai take, amma kafin ka gama faɗa layi ya wuce ka.

Wani malamin firamare daga wajen Maigatari ya ce maƙwabtanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci "rappel" suke cewa, wato tunatarwa, don haka mu ce "allurar tuni". Wallahi ta burge ni, domin ita ta fi kusa da abin da ke faruwa a cikin jini: jiki ya taɓa karatun, bita ake yi masa. Na gwada ta a kan Baba. Ya ce, "Tuni? Wa ya ci bashin wa?" Ka ji. A bakinmu tuni na mai bin bashi ne, ko na wanda aka yi wa alkawari aka shiririta. Ga shi kuma in an rubuta, sai a karanta ta da ma'anar "tuni an gama". Tana da kyau a aji, ba ta da ƙafar zuwa kasuwa.

Wani ɗan Kura ya ce "turi", yadda ake mayar da rigar da ta koɗe cikin marina ta dawo da baƙinta. Hoton ya yi, amma yaran yanzu nawa ne suka san turi in ba na mota ba?

Wadda na tsaya a kanta ba ni na ƙirƙiro ba, daga bakin Baba ta fito. Ina ta kame-kame wata rana da yamma, yana gyara ƙotar fartanya, na ce masa ba wai ta farkon ba ta yi aiki ba ne, ta yi, lokaci ne ya ja. Bai ko ɗago ba ya ce, "To maimai ke nan."

Maimai. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san bayan noman firi ciyawa tana dawowa, kuma ba wanda ke zagin firi don an zo maimai. Nan ne kalmar ta fi sauran, domin babbar tambayar da ke hana mutanenmu komawa ita ce, "In ta farkon ta yi, me ya kawo ta biyu?" Manomi ba ya yin wannan tambayar a gonarsa. Kuma ya san gona ta bambanta: jigawa mai rairayi wani lokaci maimai ɗaya ya ishe ta, fadama kuwa sai ka koma har sau uku. Haka jikin mai lafiya da jikin wanda ake wa wankin ƙoda, wanda akan auna jininsa a sake masa ta ciwon hanta in kariyar ta yi ƙasa. Har ila yau ba a shiga maimai gona tana cike da ruwa, a jira ta tsane. Mai zazzaɓi mai zafi ma jira ake ya warke. Wanda kuma garkuwarsa ta yi rauni sosai, kamar mai shan maganin daji, ba kowace allura ake masa ba. Ta zazzaɓin shawara, misali, da raunanan ƙwayoyin cuta masu rai ake yin ta, sai likitansa ya duba ya yarda.

Na ji ƙorafin wani ɗan'uwanmu da ya ce a makaranta maimai na wanda ya faɗi jarrabawa ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma masu zama a bencin asibitin ƙauye da katin suga a hannu, waɗanda suka yi maimai a gona sun ninka waɗanda suka yi shi a aji. Ɗan birni in ya ga dama ya riƙe bustarsa.

Sannan tana juyuwa a baki: allurar maimai, an yi masa maimai, lokacin maimanki ya yi, Inna. Na roƙi ma'aikaciyar nan ta gwada ta ranar awo. Ta ce da ta faɗa wa wata tsohuwa mai asma, ba ta tambayi ma'ana ba, sai ta shiga kwance bakin zani tana cewa, "Bari in ga ko na zo da katin na firin."