Tambaya kan vsock: kwamfutocin kwaikwayo biyu sun kasa magana da juna

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana Linux. Ina neman taimakonku kan wata matsala da ta tsaya mini a wuya game da vsock, wato hanyar da kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) ke magana da kwamfutar da ke ɗauke da ita ba tare da katin sadarwa ba.

Ina da kwamfutocin kwaikwayo guda biyu a kan QEMU da KVM (manhajojin da ke gudanar da su), na ba ɗaya lambar CID (adireshinta a vsock) 3, ɗayar kuma CID 4, ta hanyar na'urar vhost-vsock-pci, bayan na loda direban vhost_vsock a uwar kwamfutar, wato ainihin kwamfutar da ke ɗauke da su. Kowaccensu tana aika saƙo zuwa uwar, wadda lambarta 2 ce, ba tare da wata tangarɗa ba. Idan na buɗe socat (shirin aikawa da karɓar saƙo) a uwar yana sauraro a ƙofa (port) ta 5000, nan take saƙon yake shigowa. Amma da zarar na umarci ta 3 ta haɗu da ta 4 kai tsaye, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce wa'adin haɗin ya ƙare, alhali ta 4 tana sauraro a ƙofar daidai.

Na fahimci cewa vhost, wato direban da ke uwar, yana watsar da duk fakitin saƙon da ba uwar aka nufa da shi ba. To, shin tutar VMADDR_FLAG_TO_HOST (zaɓin da ke sa a tura saƙo ta wajen uwar) da ta shigo cikin Linux 5.11 za ta warware wannan a kan QEMU, ko kuwa dole ne in ajiye wani shiri a uwar yana karɓa daga wannan yana miƙa wa wancan? Ba na son komawa ga TCP, hanyar sadarwa ta yau da kullum, domin da gangan na cire musu katin sadarwa saboda tsaro. Na gode ƙwarai.