Wace riga ce a cikin riga-kafi?

Goggo Binta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu ƙananan yara ku duba katinsu. Wanda ya cika wata 9 a kai shi allurar ƙyanda tun zafi bai shigo ba. Riga-kafi ya fi magani.

Kawu Tela: Wa alaikumus salam Hajiya, gaskiyarki. Amma ku yaran nan da ke maimaita kalmar kullum, kun san tushenta kuwa? Riga ce aka kafe. Da can in mutum za shi yaƙi ko farauta, sai a ɗinka mashi 'yar shara ta saƙi, a jera mata layu gaba da baya. In ya sa ta, sun yarda ƙarfe ba ya kama shi. To ita ce riga-kafi. Da allura ta zo aka rasa sunan da za a ba ta, sai aka ce ai wannan ma riga ce ake sa ma jiki, sai dai ta ciki.

Auta: Kai! Wallahi ban taɓa lura ba. Har na tura ma 'yan ajinmu.

Malam Sani: Auta je ka goge tukuna. Kawu, Allah shi ƙara girma, labarin ya yi daɗi, kuma rigar layu abu ce da aka sani, ba na musu a kanta. Amma ba ita ce a cikin riga-kafi ba. Wannan riga ɗin aikatau ce, wato kalmar aiki, irin ta "na riga ka zuwa", irin ta "ya riga mu gidan gaskiya". Daga gidan nan marigayi ya fito, haka rige-rige. Auta ma da ya tura saƙo kafin a gama magana, ya riga malam masallaci ke nan, kuma ba wanda zai ce ya cire ma liman taguwa.

Kawu Tela: Sani, shekara nawa kana koyar da Hausa? Ni tun ba a haife ka ba nake zaune da riga a cinya. Ba kalmar da ta kai ta yawo. Matashin kai da rigarsa, kujerar falo da rigarta, wayar da kake rubuto mani musu da ita ma ka saya mata riga a bakin kasuwa. Ga rigar ruwa, ga rigar sanyi. Duk abin da zai rufe abu ya tsare shi, Bahaushe riga yake ce mashi. To me allurar Hajiya ke yi in ba tsarewa ba?

Auta: A nan kam Kawu ya samu maki. Ko a ajinmu na shari'a, abin da sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu, wato ba a gurfanar da su suna kan kujera, rigar kariya ake ce mashi a rediyo. In wa'adi ya ƙare a ce an tuɓe mashi ita. Ba zare ba allura, amma kowa ya gane.

Goggo Binta: Ku bari in ƙara maku wadda ba ku sani ba, tunda ku maza ba ku shiga ɗakin haihuwa. Akan haifi yaro a lulluɓe cikin jakar ruwansa ba ta fashe ba, ko fatar ta rufe mashi fuska. Sai ungozoma ta ce ya zo da riga. Shi ne Mairiga da kuke ji ana kiran wasu. A shekarun da na yi ina aiki na karɓi irinsu da hannuna, kuma ba a rasa tsohuwar da za ta matso ta ce a ba ta rigar ta adana ma yaron. Wannan ce rigar farko, Alhaji, kuma ba kai ka ɗinka ta ba.

Kawu Tela: Allah shi ne babban gwani. Amma kin ga kin ƙara mani hujja.

Malam Sani: Ba ta ƙara ba Kawu, ta dai taimake ni. Ku sake duba duk abin da kuka jero. Rigar matashi, rigar waya, rigar ruwa, rigar kariya. Kowace da r a wutsiyarta, domin haka ake jingina suna na mace da wani suna. Da tufa ce, da rigar kafi za a ce. Sannan ku koma kan saƙon Goggo na farko. Cewa ta yi riga-kafi YA fi magani. Wa ya taɓa jin an ce rigar ruwa ya yage? Ta yage ake cewa. Riga mace ce duk inda ta je, ba ta sauya jinsi don ta shiga asibiti.

Kawu Tela: Baki shina cinye harafi. Kai kanka in kana sauri ba rigar kafi za ka ce ba, rigak kafi za ka ce. Yau da gobe sai k ɗaya ta faɗi. Ba haka magana ke lalacewa ba?

Yaya Hadiza (Daura): Ina biye da ku ina tuƙa tuwo. Kawu ka yi haƙuri, ni kunnena na gwada. Na faɗi "ɗauko mani riga", na faɗi "ya riga ya tafi". Ta farko ana ja mata ri ɗin, ta biyu a gajarce take fita. Na kira surukata ban gaya mata dalili ba, na ce Inna me ya fi magani? Yadda ta faɗe shi, ri ɗin gajere ne. Ita kuwa ba ta yi boko ba balle a ce Sani ya saye ta.

Malam Sani: Allah shi saka, Yaya. Matsalar daga rubutun boko take, ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Shi ya sa garin Daura da garin tuwon da kike tuƙawa suke fita iri ɗaya a takarda. Zanen ɗaurawa da zanen da yaro ke yi da fensir, haka. Ƙamusun Bargery na 1934 yana sa alamar tsawo da ta karin sauti a kan kalmomi saboda irin wannan ruɗani. Amma mu bar Bature. Kawu, littafin da kake rubuta awon mutane da ajami, in za ka rubuta riga, me kake sawa bayan harafin ra?

Kawu Tela: Harafin ya nake sawa.

Malam Sani: In kuma za ka rubuta cewa wane ya riga ya biya?

Kawu Tela: Ba a cika samun wanda ya riga ya biya ba.

Auta: Kawu ya gudu!

Goggo Binta: Auta kama bakinka, kawunka ne.

Malam Sani: Amma fa akwai rabin maganar Kawu da ban ture ba, wato kafi. Kafi iri biyu muka sani. Akwai shingen itace da ake kafawa a kewaye ƙauye saboda mahara, shi ne a sunan Kafin Soli ta wajen Kankiya, da Kafin Hausa a Jigawa. Akwai kuma wanda ake binnewa a gida ko a gona don tsari. Ko wanne ka ɗauka, ginin kalmar bai sauya ba: ka riga masifa yin kafi, kada ta zo ta iske ƙofa buɗe. Irin ginin dafa-duka ne, da fasa-ƙwauri, da hular nan hana-salla. Aikatau a gaba, suna a baya. Ni ina ganin ma wannan fassarar ta fi dacewa da aikin Goggo, domin abin da ke muhimmi a allurar shi ne lokaci. In ƙyandar ta riga ta kama yaro, ba sauran maganar riga-kafi, sai jinya.

Kawu Tela: To na ji kafin dai nawa ne. Amma ku da kuke gyara mani Hausa, ku kuka fara ɓata kalmar. Mu da muka taso, in an ce wane ya sa riga, babbar riga ake nufi, ba a buƙatar a ce babba. Mai linzami a wuya, mai shafi a ƙasa, in mai hali ne a yi mashi aska takwas da hannu, a yi watanni ana aikinta. Abin da ke ƙarƙashinta kowanne da sunansa, taguwa daban, 'yar shara daban, kaftani daban, jamfa daban. Ku je Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, ran hawan Salla ku ga abin da ake kira riga. Yanzu yaro zai rataya shimin 'yan ƙwallo mai lamba a baya ya ce rigarsa. Wannan ba ka rubuta mashi dogon bayani ba, sai ni.

Yaya Hadiza (Daura): Mu mata fa Kawu? Riga da zane muke cewa, kuma tamu ba ta da aska ko ɗaya.

Kawu Tela: Ku an yi maku uzuri.

Auta: Shi ya sa aka ce dan uwa rigar kaya.

Malam Sani: Ƙaya, Auta, da ƙ mai lanƙwasa. Yadda ka rubuta ka mayar da ɗan'uwa murfin akwati. Kuma ka lura, ita ma da r ɗinta.

Kawu Tela: Ni dai ban sauka ba. Akwai wani dattijo maharbi da ke kawo mani gyaran kayansa, ya girme ni nesa ba kusa ba. In ya zo zan ce ya faɗi kalmar, in ɗauki muryarsa in turo maku. In ya ja ri ɗin, Sani ka biya ni kuɗin ɗinkin Sallar bara. In bai ja ba ma ka biya ni.

Malam Sani: Zan leƙo shago bayan La'asar in sha Allah.

Goggo Binta: Hadiza, ke ban ji kin ce komai kan katin Ummi ba. Ta cika wata 9 ko ba ta cika ba?

Yaya Hadiza (Daura): Sai Laraba mai zuwa, Goggo. Katin na cikin jakata.