Neman shawara: Tun da na zo hutu daga Masar komai na gida ya daina yi mini daidai, har na ɓata wa mahaifina rai

Admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo wannan ta akwatin sirri, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci, don Allah.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, na gama aji uku a karatun likita a Alƙahira. Na tafi ne a ƙarshen 2022, bayan yajin aikin ASUU na wata takwas ya zaunar da mu a gida, Abbanmu ya sayar da filinsa ya tura ni. Daga baya Naira ta karye, kuɗin jirgi ya gagara, sai a daminar nan Allah ya yi na zo hutu.

Shekara uku ina kewar gida. A can duk wanda ya zagi Najeriya sai mun yi da shi. Amma wallahi tun ranar da na sauka, abubuwan da na tashi a cikinsu ban taɓa ganin aibunsu ba, su ne yanzu suke hana ni barci. Kwatar layinmu ta toshe da leda, ruwa ya shiga gida uku, kowa ya ce sai haƙuri, washegari aka ci gaba da zuba shara a ciki. Na raka Umma asibiti tun bayan asuba, muka kai azahar a kan benci, masu hanya suna zuwa suna wuce mu. Almajirin gidanmu bai fi shekara bakwai ba, ga gyambo a ƙafarsa, sai na tuna ni ma da ina gida irinsu nake aika, ban taɓa tambayar ko ɗaya garinsu ba. Ana ta haɗa kuɗin kayan ɗaki da gara, alhali ƙanwata da ta gama sakandare tana son makarantar jinya an ce babu hali.

Ita wannan ƙanwar tawa ce za a ba ɗan Baffanmu. Yayarmu ma auren zumunci aka yi mata, ɗanta na fari sikila ce ta yi ajalinsa yana shekara biyar. Na ce a yi gwajin jini kafin a sa rana. Baffa ya ce tun kaka da kakanni ake haɗa zumunci, ba wanda ya kai jininsa wurin likita. Raina ya ɓaci, a gaban mutane na ce, "Ku matsalarku ke nan a ƙasar nan, kun mayar da sakaci ƙaddara." Abba ya dube ni ya ce, "Ku? Kai ɗan ina ne?" Yau kwana tara, in na gaishe su amsawa kawai suke yi.

Idona ne ya buɗe, ko zuciyata ce ta lalace? Ina tsoron in zama cikin 'yan bokon da ake cewa sun raina asalinsu, kuma na kasa rufe ido daga abin da nake gani. Har na fara tunanin in na gama kada in dawo. Ku ba ni shawara.

Abban Sadik, Kurna:
Bawan Allah ya sayar da filinsa ya tura ka karatu, ka dawo kana ce masa "ku" a gaban ƙaninsa. Ajiye wayar nan ka je ka durƙusa. Sauran magana ta biyo baya.

Maman Ilham:
Ɗana, ni ta ƙanwarka zan yi, don ita ce ba a tambaye ta ba a cikin labarin nan. 'Ya'yana biyar, biyu masu sikila ne. Ni da babansu ɗan wa da 'yar ƙani ne, an ɗaura mana aure ba wanda ya san wani abu wai shi AS, wato mutum ya ɗauki ƙwayar sikila a jininsa ba tare da ciwon ya bayyana ba. Wanda bai kwana a kan tabarmar asibiti yana jin ɗansa yana ihun ƙashi ba, ba zai san abin da kake gudar mata ba. Lokacin sanyi ba na barci, lokacin damina ba na barci saboda sauro, zazzaɓi kaɗan sai neman jini. Zumuncin da aka ce za a ƙulla kuwa, yau surukata, wadda matar baffana ce, ni take ɗora wa laifi, wai daga ɓangaren uwata ciwon ya fito.

Ka ba mahaifinka haƙuri a kan lafazi, amma kada ka janye maganar gwaji ko da za a shekara ba a yi maka dariya ba. Kuma ka daina kai ta zaure. Ka je wurin yayarku da ta binne ɗanta, ita da Ummanku su shiga wurin Abba da daddare. Abin da uba ba zai karɓa daga bakin ɗansa a gaban jama'a ba, zai karɓa daga bakin 'yarsa da ya ga hawayenta.

Sista Hauwa, ma'aikaciyar jinya:
Ƙari a kan maganar Maman Ilham. Tunda yayarku ta haifi mai SS, wato mai ciwon sikila, ita tana ɗauke da ƙwayar ciwon, ke nan aƙalla ɗaya daga cikin iyayenku yana ɗauke da ita, kuma Baffa jininku ɗaya. In ƙanwarka da yaron duk AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran uku sun tsira ba. In kuma ɗayansu AA ne, wato ba ya ɗauke da ita, shi ke nan, a sha biki. Ka faɗa musu wannan, don su gane ba auren kake so ka rushe ba. Sannan a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a jihar Kano, ta haɗa da rukunin jini na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Sai ka ce da Baffa doka ce, limamin da zai ɗaura ma yana iya neman takardar. Hakan ya fi masa sauƙin haɗiyewa a kan a ce ɗan wansa ne ya tilasta shi.

Azhari na Zariya:
Ƙanena, shekara takwas na yi a Masar, a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira na zauna, don haka na san ciwon da ke damunka, na yi shi. Zuwana hutu na farko har da masallacin unguwarmu sai da na ga laifin sahunsa.

Wasu abubuwan da ka gani gaskiya ne. Alƙahira tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, har da taragon mata, mu kuwa muna rataye a Adaidaita Sahu. Talakansu yana sayen burodin tallafi, wanda sai a Yunin 2024 aka ɗaga kuɗinsa daga ƙirshi 5 zuwa 20 bayan shekaru fiye da talatin. Yaro Bamisire yana haddace Alƙur'ani yana kwana a ɗakin uwarsa, ba ya yawo da roba. Wannan na ƙarshe ya daɗe yana cina, don ya nuna mini bara ba sharaɗin karatu ba ce.

Amma ka yi wa kanka adalci. Kai baƙo ne a can, tsakanin jami'a da ɗakin haya kake rayuwa, nan kuwa har ƙuryar ɗaki ka sani. Ka taɓa shiga Manshiyyat Nasir ka ga inda sharar birnin take ƙarewa, da mutanen da ke rayuwa a cikinta? Ka manta yadda yara ke bin mu a titi suna kiran "samara", wato baƙar fata? Wasɗa da suke faɗi, ba ita ce "wa ka sani" ɗinmu ba? Auren 'yar baffa ya cika ƙauyukansu, saurayinsu kuma sai ya haura talatin bai yi aure ba saboda gida da shabka, wato gwal ɗin da ango ke saya wa amarya. Ka kunna rediyo a Kano da daddare ka ji yadda talaka ke kiran sunan gwamna yana faɗa masa magana, sannan ka tambayi kanka ko Bamisire zai iya haka da shugabansa.

Game da ƙaddara, maganarka tana da asali, furucinka ne ba shi da shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Da wannan ka kai wa Baffa, da ya saurara. Kuma Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, magana mai laushi aka umarce shi da ita. Ina ga mahaifi?

Ɗan Fagge a Saudiyya:
Ni dai gaskiya zan faɗa maka, in ka samu hanya ka wuce. Likitoci nawa suka bar ƙasar? Ka turo musu kuɗi daga waje, za ka fi amfanarsu. Mutanenmu ba sa son gyara.

Sista Hauwa:
Ɗan Fagge, to wa zai duba Ummansa ranar da ta sake kai azahar a benci? Rabin layin da ya gani rashin hannu ne, likita ɗaya a kan mutum ɗari. Ban ce dole ya dawo ba, ni kaina akwai daren da nake cewa na gaji. Amma kada ya yanke wannan hukuncin cikin fushin kwana tara, yana da sauran shekaru.

Tela Mai Zare:
Likita, ni almajirci na yi. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kawo ni ina ɗan shekara shida. Mutane da yawa sun tausaya mini da baki, mutum ɗaya ne ya canja rayuwata, wata Hajiya da ta tambayi sunana na gaskiya ta daina ce mini "kai almajiri", ta sa aka kai ni shagon ɗinki. Yau ina da keke huɗu da yara shida, kuma 'ya'yana a gabana suke karatun allo. Kai da ka karanci likita, gyambon yaron nan fa? Ka wanke masa? Ka fara da shi tukuna.

Baba Hedimasta mai ritaya:
Jikana, na kai shekara saba'in da biyu, talatin da biyar daga ciki da alli a hannuna. Abin da ya same ka ba sabo ba ne a Arewa, kuma ba lalacewa ba ce.

Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne da aka tura karo ilimi Landan a 1945. A watan Agustan 1950 ya tashi a majalisa a Kaduna, ya soki yadda mulkin En'e ke tafiya, ya nemi a yi gyara, a lokacin da sukar sarakuna ba abin wasa ba ne. Malam Aminu Kano ma ya je Landan ɗin, ya dawo idonsa yana ganin abin da wasu suka saba da shi, ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agustan 1950. An kira 'yan NEPU marasa kunya, an ɗaure mabiyansa, an yi musu bulala. Amma Malam a Gwammaja ya zauna cikin talakawa har rasuwarsa a 1983, ƙofarsa a buɗe. Shi ya sa ko ya faɗi mai ɗaci, ba wanda ya iya tambayarsa "kai ɗan ina ne?"

Ka kula da tambayar nan ta mahaifinka. Bai ce ƙarya ka yi ba. Tsoro ya ji, ya ga kamar filin da ya sayar ya saya wa wasu ɗa ne.

Sannan ka rarrabe kayan da ka ɗaure a ƙunshi ɗaya. Layin asibiti da rashin motar kwasar shara laifin hukuma ne, talakan layinku da ka ga yana zuba leda a kwata sau da yawa ba shi da inda zai kai ta. Kayan ɗaki da gara al'ada ce da gasa ta kumbura, iyaye mata da kansu suna kuka da ita, tsoron gorin dangin miji ne ya hana su bari. "Sai haƙuri" ɗin da ke ba ka haushi kuwa, wani wurin sakaci ne, na yarda, amma wani wurin shi ne abin da ya hana mutanen da aka cire wa tallafin mai rana ɗaya a 2023 su haukace. Kuma wannan zumuncin da ya kawo maganar auren, shi ne zai tara wa mahaifinka kuɗi in yau shagonsa ya ƙone. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai ka san wanne ne kayan.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta duka, wasu sau biyu. Abban Sadik, maganarka ta yi mini zafi, amma ita na fara bi. Jiya bayan isha'i na shiga wurin Abba na durƙusa, na ce kalmar da na faɗa kuskure ce, ni nasu ne. Sun daɗe ba su ce komai ba, sannan suka ce ranar da aka binne jikan nan nasu su suka sa shi a kabari da hannunsu, ba sai na tuna musu ba. Ban taɓa sanin haka ba, ina Masar lokacin.

Maman Ilham, Yaya ta zo yau da safe, sun shiga ita da Umma. Abba sun yarda a yi gwajin, kuma su za su yi wa Baffa magana da kansu, sun ce kada in sa baki. Na tambayi ƙanwata ra'ayinta, abin da ban yi ba tun farko. Ta ce tana son yaron, tana kuma son makarantar, kuma tana tsoron sakamakon. Ban san me zan ce mata ba in ya fito AS da AS, ku taya mu da addu'a.

Malam Tela, sunan yaron na sani yanzu, daga wajen Ɗambatta aka kawo shi. Na wanke gyambon, ya yi zurfi fiye da yadda na zata, gobe zan kai shi a duba, malaminsu ya ba da izini. Maganar dawowa bayan karatu kuwa har yanzu zuciyata biyu, Baba Hedimasta, in kun ba ni dama zan neme ku ta akwati kafin in koma a ƙarshen wata.