Ƙanƙarar gilashin mota za ta sa a sallame ni daga aiki, don Allah a ba ni shawara

Baƙon Winnipeg:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Na sauka Winnipeg ta ƙasar Kanada a watan Satumba, karatu ya kawo ni, amma ina ɗan aikin ɗaukar kaya a wani sito daga ƙarfe shida na safe. Da farko bas nake bi, sai na ga tsayuwar tasha da asuba cikin wannan sanyi ba za ta fisshe ni ba. Na haɗa abin da na tara da wanda yayana ya turo daga Kaduna na sayi Corolla ƙirar 2009 a hannun wani ɗan Habasha da zai koma Toronto. Mutumin kirki, har shayi muka sha a gidansa, ya rage mini dala 300, ya kuma haɗa mini da tayoyin sanyi. Yaya bai so ba, ya ce in bari sanyi ya wuce, har yau idan ya kira sai ya ce "yaya motar taku?" Shi ya sa ba zan iya kai masa wannan kukan ba.

Kullum da asuba gilashin gaba a daskare nake tarar da shi. Na yi latti sau uku cikin mako biyu, oga ya fara yi mini wani irin kallo. Jiya ta wata 'yar kafa kamar tafin hannu na riƙa leƙen hanya har na isa. Babu wani abin da ake shafawa ne da daddare ya hana ta kamawa?

Alhaji na Edmonton:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekarata 17 a Kanada, 11 daga ciki babbar mota nake ja, saboda haka ka buɗe kunne. Babu wani man shafawa. Ka duba gaban motarka, wajen ragar inji, za ka ga wata waya mai filogi tana leƙowa. Bulok-hita ke nan, ita ke ɗumama inji. Da zarar sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri ka jona ta da wuta, awa uku zuwa huɗu kafin fitarka sun isa. Inji mai ɗumi ne ke ba hitar cikin mota iska mai ɗumi da wuri, wannan iskar ce ke sassauta ƙanƙarar daga ƙarƙashi. Sai ka sayi makankari mai doguwar ƙota da buroshi, ko a kantin Canadian Tire akwai. Ruwan waifa kuma wanda aka rubuta -40 ko -45 a jikin galan. Tuƙi ta kafar nan kada ka sake. Idan ɗan sanda bai tare ka ba, wata rana yaron wani za ka take.

Ɗan Manchester:
Ni dai ruwa mai ɗumi-ɗumi nake zubawa, ba mai zafi ba, in bi da waifa. Minti ɗaya na gama, shekara shida ban ga komai ba. Maganar leƙe kuwa Alhaji ya yi gaskiya, mu nan ƙa'ida ta 229 a littafin dokar hanya ta ce sai ka share duk tagogi kafin ka tashi.

Alhaji na Edmonton:
Malam, sanyin Manchester ai hunturun Jos ne ya ɗan ƙara kaɗan. Ku raɓa ce ke daskare muku a digiri 2 ƙasa da sifiri. A Winnipeg cikin Janairu ana kaiwa 30 ƙasa da sifiri. Ruwan da zai zuba kafin ya ajiye butar ya zama sabuwar ƙanƙara, ya kuma gangara ya kama waifa da bakin ƙofa. Kada ka ɓatar da yaro.

Baƙon Winnipeg:
Alhaji na gode. Na ga wayar, na ɗauka wani abu ne ya tsinke, har na cusa ta ciki. Amma a bakin titi nake fakin, mai gida ya ce wurin da ke da soket sai na ƙara kuɗi duk wata. Maganar ruwa kuma gaskiya ni ma ina yi. Ragowar ruwan alwala ne a buta, ba tafasasshe ba. Kuma yana aiki, na ɗan lokaci.

Maman Hanifa:
Waɗannan masu gidajen sai addu'a. Mu a Saskatoon namu sai da ya karɓi kuɗin soket na wata biyu kafin muka gane babu wuta a ciki. Ni ce kuma mai kankara kullum, Baban Hanifa yana ciki yana shan shayi wai bayansa na ciwo, ni da goyo ina fama da gilashi. Bara sai da na sa rigima aka sa mana na'urar tayar da mota daga cikin gida. Ka nemi tsohon bargo ko kwali ka rufe gilashin da daddare, ka datse gefe da gefe da ƙofofi. Da safe ka yaye kawai.

Injiniya Minnesota:
Tambaya ɗaya, ɗan'uwa. Ƙanƙarar a waje take ko a ciki? Ka sa farce daga kujerar direba ka gani.

Alhaji na Edmonton:
Hajiya, bargo idan ya jiƙe ya daskare a jikin gilashi sai an yi kokawa. Akwai murfin da aka yi don wannan aikin, ruwa ba ya ratsa shi. Kai kuma Baƙo, ka ajiye butar nan. Gilashi ba ya son a haɗa masa zafi da sanyi lokaci guda: inda ruwan ya taɓa yana buɗewa, gefensa yana tsuke, sai ka ji ƙas. Ka tashi da wuri ka bar mota tana aiki minti ashirin, ka koma ka karya kumallo. Ka ɗaga waifa sama kafin ka kwanta.

Abu Sumayya:
Alhaji ban yarda da barin mota tana aiki da makulli a ciki ba. Haka maƙwabcina ya yi, ya shiga ɗauko abincin yara, ya fito babu mota. Wata guda yana safa da marwa tsakaninsa da 'yan inshora, tambayarsu ta farko ina makulli yake. Ɗaga waifa kuma, iska ta taɓa maido mini da ɗaya da ƙarfi a kan gilashi, tun ranar na daina. Ni sifirit nake haɗawa, kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, a kwalbar fesawa. Siririyar ƙanƙara tana narkewa nan take, mai kauri dai sai an kankare.

Baƙon Winnipeg:
Injiniya, duka biyun ne, amma ta ciki ta fi ba ni wahala, da katin banki nake kankare ta, garin yana zubo mini a cinya. Alhaji, minti ashirin fa mai ne, ni kuma kuɗin makaranta ke gabana. Maganar tsagewa kuma, dama akwai ɗan tabon dutse a ƙasan gilashin tun da na saya. Ya ɗan yi tsawo a makon nan, ya kai kamar taƙi ɗaya, amma ba na jin ruwan ne, ruwan ko hannu ba ya ƙonawa.

Injiniya Minnesota:
To ai ga matsalar. Ta ciki laima ce da ke cikin motar: dusar ƙanƙarar da kake shigowa da ita a takalmi tana narkewa a tabarmar ƙafa, ga numfashinka, da daddare duk su hau gilashi su daskare. Duba maɓallin da ke da hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a ciki. Idan yana kunne kashe shi, iskar ciki yake ta juya maka. Iskar waje a wannan sanyin busasshiya ce, ita kake so. Ka karkaɗe takalmi kafin ka shiga, ka kai tabarmun ɗaki su bushe, ka goge cikin gilashin tas domin datti na riƙe laima. Idan ka kusa gida ka ɗan sauke taga ɗumin ya fita. Duk wannan ko sisi ba za ka kashe ba.

Alhaji na Edmonton:
Taƙi ɗaya? Inna lillahi. Tun yana tabo ake cike shi da wani irin gam, yanzu kam sai dai canjin gilashi. Butarka ce ta yi, ko ka yarda ko kada ka yarda. Matsalar yaran yanzu ke nan, a tambaye ka kuma a musa maka. Lokacin da muka zo babu wanda ya nuna mana komai, ni da murfin kaset na yi sanyina na farko.

Baƙon Winnipeg:
Allah ya huci zuciyar Alhaji, ba musu nake ba. Amma maɓallin nan da gangan nake kunnawa, motar ta fi saurin ɗumi da shi, ni kuma yatsuna ba sa jure sanyi. Buɗe taga a wannan garin kuwa gaskiya ba zan iya ba. Gobe zan gwada kwalin Hajiya, buta kuma zan ƙara sirka ruwan. Wai nawa ake canja gilashin Corolla, kuma inshora na biya ko da tabon ya riga ni?

Maman Hanifa:
Kwalin ya zama busasshe fa. Alhaji, tunda kana nan, na'urar nan tamu ta daina tayar da mota tun Talata, batir ne ko me?

Injiniya Minnesota:
Kwali a waje yake, taka a ciki take. Ka dai duba tabarmar, jiƙe take ko a'a?