Wace tarakta ce ta dace da ƙaramar gona? Waɗanda suka riƙe su ba mu labari

Ɗan Giwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gonar gado muke da ita a yankin Giwa, hekta 6 a tudu inda muke masara da waken soya, sai 'yar fadama da ba ta cika hekta ɗaya ba, muna shinkafa da damina, albasa da rani. Damuwarmu kowace shekara ɗaya ce: ruwan shuka ya sauka, mai tarakta yana gonakin manyan manoma, mu sai an gama da su a waiwaye mu, lokacin an riga an makara. Ni da ƙannena mun haɗa abin da ya samu muna son sayen tamu. Wasu sun ce kada mu kuskura mu sayi abin da bai kai Massey 375 ba, wasu sun ce ƙarama ta ishe mu, wasu kuma sun ce mai ƙafa biyu da ake bi a baya. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Direba daga Saminaka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifi. Na daɗe ina tuƙa tarakta a gonakin masara na ƙasar Lere, kuma abin da zan fara ce maka shi ne kada ka fara da tambayar tarakta. Fara da tambayar abin da za ta ja. Tarakta ba ta noma da kanta, garma da haro mai farfasa ƙasa da rija mai fitar da kunya su ke taɓa ƙasa, ita ja kawai take yi.

375 ɗin da ake gaya maka ƙarfin doki 75 gare ta, injin Perkins mai silinda 4, yawancin waɗanda ke yawo a nan daga Fakistan ake kawo su. Tana jan garma mai faifai 3 a ƙasa mai nauyi ba tare da ta yi nishi ba. Amma a hekta 6 za ta gama muku komai cikin 'yan kwanaki, sauran shekarar tana fake a gindin bishiya, kuɗinku yana kwance a cikinta. Na yi aiki da Massey 240, mai doki 50 da silinda 3, a wurin wani bawan Allah da gonarsa ta ɗan fi taku. Garma mai faifai 2, ƙaramin haro, rija mai fitar da kunya biyu. Ba abin da ta bari. Sai dai tana ɗaukar lokaci fiye da babbar, kuma idan ƙasa ta bushe ta yi tauri dole ka jira ta sha ruwa.

Abu ɗaya da mutane ba sa dubawa: kunyar masara tazarar santimita 75 muke ba ta. Idan faɗin da ke tsakanin tayoyin baya ya kai santimita 150, tarakta tana bin kwari ta haye kunya biyu, za ka iya komawa ka yi huɗa ta biyu bayan shuka ta fito. 'Yan ƙananan nan masu doki 20 zuwa 25 ƙirjinsu a ƙasa yake, tsakanin tayoyinsu kuma matsattse. Na ga wadda cikinta ya hau kan kunya ta tsaya, tayoyi na juyawa a banza.

Manomin Kadawa:
Malam direba ya faɗi gaskiya game da tudu, amma fadamar Ɗan Giwa wata magana ce daban. Mu nan ɓangaren Kura da Garun Malam, da muke shan ruwan dam ɗin Tiga, gonakinmu fangali-fangali ne, kowa da ɗan yankinsa. Babbar tarakta idan ta shigo kafin ta juya ta rushe maka gefen fangali, ta danne hanyar ruwa, nauyinta kuma ya daddaɓe lakar. Ni mai ƙafa biyu nake da ita, 'yar Sin, doki 15, silinda ɗaya. In za a shiga ruwa sai a cire tayoyin roba a sa na ƙarfe, ta markaɗe taɓon ya yi laushi, dashen shinkafa ya zo da sauƙi. Da rani na ɗaura mata bel ta juya famfon ban ruwa, da kaka ta ja 'yar tirela da buhuna zuwa bakin titi.

Amma fa jiki take ci. Wanda ya wuni yana bin ta a cikin laka ya san ya yi aiki. Kuma ban ba ka shawarar ka kai ta hekta 6 na tudu ba, ba za ka kama ruwan shuka ba.

Ɗan Giwa:
Na gode Malam. To idan na ɗauki mai doki 50, ba za ta iya shiga fadamar ba ke nan?

Manomin Kadawa:
Da rani, ƙasa a bushe, za ta shiga ta yi maka kaftu lafiya. Da damina kuwa, in ba mai ja da tayoyi huɗu ba ce, kada ka gwada. Fadamar da ba ta kai hekta ba, ka ɗauki hayar mai ƙafa biyu ko ka sa 'yan ƙwadago. Kada ƙaramin yanki ya zaɓa maka injin da babban yanki zai sha wahala da shi.

Hajiya mai shinkafa:
Ɗana, bari in sa baki daga Kabi. Mu ƙungiyar mata ce, muka yi karo-karo muka sayi mai doki 45. Ƙarfinta bai taɓa ba mu matsala ba. Direba shi ne ya ba mu. Ƙwararrun direbobi sun fi son babbar tarakta, saboda a kan yawan hektar da aka yi ake sallamarsu, babba kuwa ta fi cin fili. Duk wanda muka samu, da ruwa ya zauna sai ya tafi inda ya fi tsoka. Sai da muka tura ɗan ɗaya daga cikinmu ya koya, sannan hankalinmu ya kwanta. Tunda kai da ƙannenka ne, tun kafin ku biya kuɗi ku zauna ku fitar da wanda zai hau, ya je ya zauna da wani direba ya koyi saita garma. Garmar da ba a saita daidai ba tana sa ƙaramar tarakta ta zama kamar ba ta da ƙarfi, alhali laifin ba nata ba ne.

Sannan ku rubuta wa za a fara yi wa, in gonar a rabe take. Zumunci ya fi tarakta tsada.

Bakaniken tarakta, Kano:
Ni abin da ake kawo mini a lalace nake gani, don haka ta nan zan yi magana. Akwai 'yan ƙanana na hannu da ake shigowa da su daga Japan, Kubota da Yanmar da Iseki. Injinsu yana da kyau ƙwarai, ba sa shan mai, kuma sau da yawa da rotabeta, wato injin markaɗe ƙasa, a bayansu suke zuwa, domin don gonakin shinkafa aka ƙera su. Matsalar ita ce ranar da wani abu ya karye. Na ajiye wata a garejina damina guda cur saboda ƙaramin haƙorin giya, na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa, na aika kasuwar Panteka a Kaduna, babu. Massey kuwa ko a ƙaramar kasuwa za ka samu filta da nozul da kuloci, kuma kusan duk bakaniken gas ya san cikin Perkins. Har tsohuwar Massey 135, wadda aka daɗe da daina ƙerawa, tana nan tana aiki a ƙauyuka saboda wannan dalilin.

Na biyu, hannayen nan uku na baya da ake rataya garma girma-girma ne. Ƙananan taraktoci ramukansu na lamba 1 ne, manya na lamba 2, fil ɗinsu ya fi kauri. Yawancin haro da rija da ke kasuwarmu don manya aka yi su. Mutum ya sayi ƙarama, ya aro haron maƙwabci, sai ya ga ko fil bai shiga ba, ko kuma ya shiga amma da ta ɗaga sai gabanta ya tashi sama. Ka yi cinikin tarakta da kayan aikinta a rana ɗaya, ka gan su a haɗe.

In ta hannu ce, ka je da sassafe ka tayar da ita da kanka injin na sanyi. Ka rataya mata garma, ka ɗaga sama, ka kashe injin, ka tsaya ka gani. In garmar ta fara sauka a gabanka, haidirolik ɗin ya gaji. Ka kunna sandar baya mai juya injuna ka ji ƙararta, wadda aka saba tana juyi 540 a minti, ita ce za ta juya muku injin casar masara da kaka. Kuma ka sani dokin da aka rubuta a jikin tarakta na injin ne, wanda ke isa wannan sandar bai kai haka ba.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, kuma gonakinmu cike suke da gawo da sauran itatuwan da muke bari su tofo da gangan. Wani maƙwabcina ya kawo babbar tarakta da garma mai faifai, ta juye ƙasar da zurfi. Da iskar farkon damina ta taso, sai ta kwashe ta sama mai taki, ta binne hatsin da ya fara fitowa. Ga saiwoyin itace da faifan ya yanke. Ni har yanzu shanu biyu da garma nake, su yi huɗa, su ja amalanke, su ba ni taki, in sun yi ƙiba in sayar in sayi ƙanana. Ban ce Ɗan Giwa ya koma shanu ba, ƙasarsu ta fi tamu nauyi. Amma ya ƙirga itatuwa da kututturan da ke gonarsa kafin ya zaɓi faɗin abin da zai ja.

Alhaji na Funtuwa:
Ni ban yarda da masu cewa 375 ta yi yawa ba. Gonata ba ta fi taku ba, kuma ita na saya. Ina gama tawa sai ta fita haya, layi ake yi. Da kaka tana dakon masara da auduga, da rani tana ɗiban yashi da taki. Ƙaramar tarakta ba ta wannan, kuma ranar da ka so sayarwa babbar ce ake rububi.

Direba daga Saminaka:
Alhaji, gaskiya ne, amma wannan sana'a ce ta biyu ka buɗe. Akwai bin bashin kuɗin haya, akwai gas da za ka zuba kafin a biya ka, akwai gonar mutane da ba ka san inda kututture yake ba. In su Ɗan Giwa suna da mai tsayawa a kan wannan, to. In noman gidansu kawai suke so ya zo a kan lokaci, babbar za ta zame musu nauyi.

Baba tsohon malamin gona:
Yarana, na ga zamanin da ake haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, na kuma ga yadda da yawansu suka ƙare a bayan ofisoshi ciyawa ta fito ta cikinsu. Ba ƙarfi suka rasa ba, kulawa da kayan gyara suka rasa. Ɗan Giwa, ka taka hanyar gonarku da ƙafa tun daga titi. Ka duba burtali, ka duba kwalbati, ka duba inda ake tsallake rafi a watan Agusta. Taraktar da ba ta isa gona da tirela a bayanta ba, girmanta bai amfane ka ba.

Kuma ina roƙonku da Allah, ku sayi mai ƙarfen kariya a saman kujera. Ƙaramar tarakta ba ta da nauyi, tana saurin kifewa a gangare da gefen kwata. In za a ja wani abu, a ɗaure a ƙugiyar ƙasa da aka yi don haka, kada a ɗaure sama da gatarin baya, domin nan take take tashi ta faɗo ta baya a kan direba. Na halarci jana'izar yaro a kan wannan. Kada kuma a ɗora yara a kan murfin taya.

Ɗan Giwa:
Allah ya saka da alheri Baba, da ku duka. Mun zauna da ƙannena jiya da dare. Babu mai lokacin bin haya a cikinmu, don haka mun karkata ga mai doki 45 zuwa 50, da garma mai faifai 2 da rija da tirela, fadamar kuma mu ci gaba da haya. Autanmu ya ce shi zai koyi tuƙin. Malam bakanike, akwai wata 240 ta hannu da aka nuna mana a Zariya, mai ita ya ce an taɓa buɗe injin. Wannan abin gudu ne?

Bakaniken tarakta, Kano:
Ba abin gudu ba ne in an yi aikin da kyau. Ka tambaye shi me aka canza, wa ya yi, ka je ka ga bakaniken da kanka. Ka cire murfin da ake zuba baƙin mai injin na aiki, in hayaƙi na bugowa da ƙarfi ka bar ta. Ka leƙa lagireto ko akwai mai a saman ruwan. Kada ka yarda da gwaji a kan titi, ka ce a kai ta gona a sa garma a ƙasa, autan naku ya tsaya kusa ya ji yadda sautin injin ke canzawa in ta ɗauki nauyi. In ya ƙi a kai ta gona, ka nemi wata.