Wane tsohon gida ne sojoji mata suka zauna a Ankara ta Ghana lokacin yaƙin Hitila?

Jikar Hajiya, Nima:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce tana 'yar budurwa ta yi tallan koko da ƙosai a ƙofar wani babban gida mai bene, inda ake jinyar sojoji. Wai nas-nas Turawa mata, su ma sojoji, suna kwana a sama, marasa lafiya a ƙasa. Jiya ina kwashe akwatinta na ƙarfe na tsinci wani maɓallin tagulla ƙulle a bakin tsohon ɗankwali, wanda ta ce ɗayarsu ce ta ba ta. Shin asibitin soja na 37 take nufi?

Baba Tsohon Soja, Mamobi:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta mata. 37 dai a 1941 aka buɗe shi, zamanin Janar Giffard, kuma sunan lamba ce kawai da sojan Ingila suka ba asibitin. Amma don jinya aka kafa shi tun farko, ba gidan wani aka karɓe ba. Ni hankalina ya fi kwanta wa Achimota. An buɗe makarantar a 1927, da yaƙi ya zo sojoji suka karɓi wasu gine-ginenta suka mai da su hedikwatar Afirka ta Yamma. Ga benaye kuma. Yaran yanzu in an ce 37, tashar trotro, wato motocin haya, da jemagu kawai suka sani.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Mu ma muna da irinsa. Ganuwar sojan da ke kusa da Adum, wadda Turawa suka gina a 1897, nan mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante a yaƙi, suka tsare Gwamna Hodgson a 1900. Yanzu gidan tarihin soja ne.

Baba Tsohon Soja:
Kai ɗana, daga Ankara za ta kai tallan koko Kumasi? Ai sai ya yi tsami a hanya.

Jikar Hajiya:
Na gode Baba. Sai dai Achimota da nisa ga yarinya ɗauke da roba, au, ƙwarya a ka. Ta ce takan dawo gida kafin hantsi ya dubi ludayi.

Baba Tsohon Soja:
To kawo mini maɓallin ranar Juma'a bayan masallaci. In akwai bishiyar kwakwar manja a jiki, na sojanmu ne na nan. Kada ki goge shi da toka kafin in gani.